Baba Shekari da Ruwan Tsuntsaye

Duk wanda ya taɓa bin layin da ya gangara bayan kasuwar Kamazou da sassafe ya san gidan Baba Shekari, ko da bai san sunan mai gidan ba. Ba fenti ne ke nuna shi ba, ba kuma tsayin katanga ba. Ɗaki uku ne da falo, kwanon rufin ma ya fara tsatsa. Hayaniyar tsuntsaye ce. Tun kafin masu keke su fara fitowa neman fasinja, mangwaron da ya leƙo ta saman katangar yakan cika da marai da kanari, kurciyoyi kuma su jeru a kan wayar lantarki. Abin da ke kawo su yana bayan gida: wani ɗan tafki da bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Shekari Yakubu mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya zo Kaduna yana ɗan shekara goma sha tara, ya sauka wajen kawunsa a Kakuri. A lokacin masaƙu suna kan ganiyarsu. Idan jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa wurin wucewa. Kawun ya samo masa aiki a ɗaya daga cikinsu, aka tura shi sashen rini. Da shara ya fara, sai tura kurar yadi, daga baya wani injiniya ya lura yana da natsuwa, ya ɗora shi a kan duba ruwa. Aikinsa shi ne ya ɗebi ruwan da za a jiƙa yadi a cikin kwalba, ya tsoma 'yar takardar gwaji, ya duba launin da ta koma, ya faɗa wa na gaba da shi ko ruwan ya yi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Har ta kai ba ya bukatar takardar sosai. Sai ya shinshina, ya murza ruwan a tsakanin yatsu, ya ce, "Wannan soda ta yi masa yawa," a gwada a tarar haka ne.

A wannan sashen ya haɗu da Zakariyya'u, wani siririn Bazazzagi mai barkwanci da ke zaune a Tudun Wada. Tare suke shiga aiki, tare suke fita, tare suke cin shinkafa da wake a rumfar wata budurwa a bakin get. Budurwar ita ce Celina, kuma Zakariyya'u ne ya fara lura cewa naman da ake sa wa Shekari kullum ya fi nasa girma. Bayan shekara biyu aka ɗaura aure a coci. Suka haifi 'ya'ya huɗu, Hadassah ce babba. Mai bi mata, Isaac, bai cika shekara biyu ba zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi cikin kwana uku, a ɗakin hayarsu da ke bakin wata kwata. Celina ba ta cika yin maganarsa ba. Amma tun daga lokacin ba ta iya ganin ruwa kwance a gwangwani ko tsohuwar taya ta wuce ba ta kifar da shi ba.

Da masaƙar ta rufe, Shekari ya yi 'yan watanni yana tashi da wuri kamar mai zuwa aiki, ya wanke fuska, ya rasa inda zai nufa. Daga baya ya samu aikin kula da furanni a gidan wani likita a Barnawa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Ya koyi dashe da askin shinge, ya kuma koyi zama shiru a cikin lambu, abin da ƙarar injina ba ta taɓa barinsa ya sani ba. A cikin waɗannan shekarun ne suka gina gidan Kamazou kaɗan-kaɗan, a filin da ya saya tun wurin yana gonakin dawa. Ƙasar da aka cike ɗakunan da ita daga bayan filin aka haƙo ta, ramin kuma ya zauna nan, Celina tana zuba shara a ciki tana ƙonawa.

Shekarar da ciwon gwiwa ya sa ya ajiye aikin Barnawa, wata rana cikin zafin watan Maris, yana zaune a inuwar mangwaro sai ya ga kurciya ta sauka a bakin magudanar bayan gida, inda ruwan wanki ke fita fari fat da kumfar omo. Ta tsoma baki ta yi ta zuƙa ba ta ɗago ba. Duk layin babu wanda ya fi shi sanin abin da ke cikin irin wannan ruwa. Ya tashi ya kore ta, ya ɗauko wani fasasshen kasko ya cika da ruwan rijiya, ya ajiye a gindin bishiyar. Kafin la'asar tsuntsaye fiye da ashirin sun sha. Kafin mako ya ƙare kaskon ya yi musu kaɗan, har faɗa suke yi a kansa.

Sai ya tuna da ramin. Ya kwashe toka da gwangwanaye, ya daɓe ƙasan, ya shafe da siminti. Bai yi shi da miƙaƙƙen bango irin na tankin kifi ba. Ya kwantar da gefe ɗaya a hankali kamar bakin rafi, ya jera tsakuwa da duwatsu, don ƙaramin tsuntsu ya samu inda ruwa zai tsaya masa iyakar ƙafa. A can ƙasa ya binne bututu mai murfi wanda ya ɓulla cikin kunyoyin alayyahun Celina. Ya san sabon siminti yana da kaifi, don haka sai da ya cika ya zubar har sau huɗu kafin ya bari baki ya taɓa.

Ranar da ya yi cikon ƙarshe Celina ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Baban Hadassah, wato masauki ka gina wa sauro a bayan ɗakina."

"Sauro sai ruwa ya kai mako yana kwance kafin 'ya'yansa su tashi," in ji shi. "Ni kuwa duk kwana uku zan buɗe bututu, ya tafi wajen alayyahunki, in zuba sabo."

"To, na ji. Ranar da na ga tsutsa ɗaya a ciki, da ƙasa zan cike shi."

Ya cika alkawari. Shekara biyar bai taɓa barin ruwan ya kwana huɗu ba. Yakan goge gansakuka da kashin tsuntsu da tsintsiyar kwakwa wadda ba a shara da ita. Bokitin ɗiban ruwan tafkin daban yake, sabulu bai taɓa shiga cikinsa ba. Ya hana fesa maganin ciyawa a bayan gidan, da hannu yake cire ta yana dafe da gwiwa. Ya san masu zuwa da lokacinsu: kurciyoyi su ne na farko, marai su zo a gayya su cika wurin da surutu, kanari su jira sai an watse, wasu hasbiyoyi biyu kuma ba sa sauka sai rana ta take. Babu wanda yake bari ya taɓa masa tafkin. Ko 'ya'yansa suka zo hutu suka ce za su taya shi, sai ya ce su bari kawai, ba su san kansa ba.

A shekara ta shida abubuwa biyu suka zo a mako ɗaya. Hadassah, wadda take aikin nas kuma ta yi shekara shida da aure ba haihuwa, ta haifi 'ya mace aka sa mata Miriam, ta dawo gida wankan jego. Kwana huɗu da zuwanta aka bugo waya daga ƙauye cewa yayan Shekari ya rasu. Shi ne babba a gidan yanzu, dole ya je ya tsaya a kan jana'iza da zaman dangi. Celina ba ta iya barin mai jego. Yana saɓa jaka ya ce mata, "Ki riƙa ƙara musu ruwa, da bokitin can mai shuɗin hannu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya yi zaton kwana biyar zai yi, sai da ya yi sha shida.

Da yamma ya dawo, a gajiye, da buhun citta da aka haɗo shi da shi. Ya gaisa da mutanen gida, ya ɗauki jaririyar ya yi mata wasa, sannan ya zagaya baya. Tun kafin ya kai ya ji wurin ya yi shiru fiye da yadda ya sani. A gindin mangwaro ya fara ganin marai uku a kwance, gashinsu ya manne ya yi baƙi kamar an tsoma su a kwalta. Ya ƙara taku biyu ya ga kanari a cikin alayyahu, tururuwa sun rufe shi. Wata kurciya tana da rai, tana tafiya a ƙasa tana jan fukafukai, ta kasa tashi. Saman ruwan kuma yana walƙiya da launi kala-kala. Ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa da yatsa, ya kai hanci. Baƙin mai ne, irin wanda ake juyewa daga inji.

Ya bi lungu-lungu yana tsinta. Goma sha ɗaya ya samu, ban da waɗanda kyanwar maƙwabta ta riga shi.

A bayan katangarsa, ta ɓangaren tudu, akwai garejin wani matashi mutumin Binuwai mai suna Godwin, makanike ne, yana kuma wankin mota. Shekara biyu da suka wuce, da damina, ruwan wankin motarsa ya taɓa ɓullowa ta ƙarƙashin katangar, Shekari ya yi masa magana, shi kuma ya gina kwata ya karkatar da shi. Yanzu da Shekari ya ji warin man, bai yi tunanin kowa ba sai shi. Ya zuba tsuntsayen a leda ya fita, ko takalmin tafiya bai cire ba.

Mutum biyar ne a garejin, biyu masu motoci ne suna jira. Shekari ya juye ledar a kan bonet ɗin wata mota.

"Godwin, dubi aikinka."

Godwin ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. "Baba, sannu da dawowa. Ya haƙuri? Mene ne wannan?"

"Kai za ka tambaye ni? Na juya baya kwana goma sha shida, ka sakar mini baƙin mai a ruwa!"

"Haba Baba. Baƙin maina ga shi can a duro, masu katako ke zuwa su kwasa saboda gara. Ko ɗigo ba na zubarwa. Zo ka duba kwatar da kanka."

"Ba abin da zan duba. Wanda ya yi sau ɗaya zai sake. Gobe za mu haɗu a gaban mai unguwa."

Mutanen layin ba su taɓa jin muryar Baba Shekari ta ɗaga haka ba, har mata suka leƙo daga shaguna. Ɗaya daga cikin masu motocin ya dubi Godwin ya girgiza kai. Daga nan Shekari bai koma gida ba sai da ya biya ta wajen mai unguwa ya kai ƙara. Da ya dawo Celina ta ajiye masa tuwo da miyar karkashi, ba ta ce komai ba, shi ma bai buɗe kwanon ba. Shi da Hadassah suka wanke kurciyar da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano, suka nannaɗe ta da tsumma a cikin kwali.

Washegari da safe zuciyarsa ta ɗan sauka, sai tsohon halinsa na masaƙa ya dawo masa. A can, idan ruwa ya ɓaci, ba a fara neman mai laifi. Bututu ake bi har a kai inda ɓarnar ta shigo. Ya ce bari ya samo hanyar da man ya bi, don ya nuna wa mai unguwa. Ya bi gindin katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙasar a bushe take ƙayau, wata huɗu ba a yi ruwan sama ba, babu ko tabo. Ya dawo bakin tafkin ya duba duwatsun. Na ɓangaren katanga da sauƙi. Waɗanda suka yi baƙi sosai su ne na ɓangaren gida, inda mutum zai tsaya idan ya fito daga kicin. A kan simintin akwai ɗigo uku, huɗu, a jere. Ya bi su da ido har ƙofar sito. A bayan ƙofar akwai galan ɗin da ya juye baƙin man janareta a ciki da hannunsa, mako ɗaya kafin tafiyarsa. Ya ɗaga shi. Babu komai a ciki.

Ya daɗe a tsaye da galan ɗin. Sannan ya fito ya sami Celina tana shanya kayan jaririya. Ya ajiye shi a gabanta.

Ta gama shanya rigar da ke hannunta tukuna, ta sa mata maƙali, sannan ta zauna a kan turmi.

"Ni ce," ta ce. "Na yi ta ƙara ruwa kamar yadda ka ce. Na so in zubar da tsohon, murfin bututun ya ƙi buɗuwa, ban san ta ina ake murɗa shi ba. Ranar kwana tara na leƙa na ga tsutsar sauro, Baban Hadassah, ba ɗaya ba, ba goma ba, ruwan har motsi yake yi. A safiyar ranar kuma na ga cizo biyu a kumatun yarinyar nan."

"Da kin kira ni."

"Na kira sau uku, wayarka ba ta shiga. Wata a Zumuntar Mata ta cocinmu ta ce a garinsu mai suke zubawa, tsutsar ta mutu nan take. Na zuba, ta kuwa mutu. Tsuntsayen ban tuna da su ba sam. Sai bayan kwana biyu na fara ganinsu a ƙasa." Ta dubi hannuwanta. "Da na leƙa ruwan nan ba tsutsa na gani ba. Ɗakinmu na Kakuri na gani, da Isaac a cinyata jikinsa kamar garwashi. Shekara shida Hadassah tana jiran 'yar nan."

"Jiya kina ji ina zagin ɗan mutane, kika yi shiru."

"Na yi shiru. Fuskar da ka fita da ita ban taɓa ganinta ba tun da muka yi aure. Wannan laifina ne, na karɓa. Amma maganar zuba man, in ka ce in rantse ba zan sake ba idan na ga abin da na gani, ban san ko zan iya ba."

Hadassah ta fito da jaririyar a kafaɗa, ta ji ƙarshen maganar. "Mama, ai a cikin gidan sauro take kwana. Da kin gaya mini, da mun kwashe ruwan da bokiti."

"Ke da ɗinki a jiki?" in ji Celina.

Shekari ya nemi fushin da ya kwana da shi ya rasa inda zai ajiye shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne murfin bututun. Hagu ake murɗa shi bayan an danna, shi ya haɗa shi haka, kuma cikin shekara biyar bai taɓa kiran matarsa ya nuna mata ba, don yana jin daɗin a ce shi kaɗai ya san kan abin. Ya yi mata alkawarin ba za ta ga tsutsa ba, sannan ya tafi ya bar ta da ruwan da ba ta da yadda za ta zubar.

Bai karya ba ya sa hula ya fita. Ya fara zuwa wajen mai unguwa ya janye ƙarar. Sannan ya je garejin, ya jira har mutane suka taru kamar na jiya, ya cire hular.

"Godwin, jiya na ɗora maka abin da ba ka yi ba, a gaban masu kawo maka aiki. Man daga gidana ya fito. Ka yafe mini."

Godwin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ana gani abin ya ci masa rai. "Baba, jiya ko abinci ban ci ba," ya ce. "Mai motar nan ma ya ce ba zai dawo ba."

"Ba ni lambarsa, ni zan kira shi."

Ya kira shi a nan take, a gaban kowa. Da ya gama, Godwin ya ce, "Ya wuce, Baba. Amma wa ya zuba?"

"Daga gidana ne," Shekari ya sake cewa, bai ƙara ba.

Godwin ɗin ne kuma ya san yadda za a yi da man. Da yamma ya zo da buhun garin katako, suka barbaɗa a saman ruwan ya tsotse, suka kwashe a duro ba su bari ya bi ta kan alayyahu ba. Ya ƙwanƙwasa simintin ya ce, "Wanki ba zai yi ba, Baba. Mai yana shiga cikin siminti, ko bayan wata uku zai riƙa tasowa. Sai an kankare an sake shafe." Haka aka yi. Duwatsun duka aka fitar, aka kawo sababbi. Kafin a gama, Shekari ya rufe ramin da tsohon kwanon rufi, ya jera farantai uku na ruwa a inuwa. Kurciyar da ke cikin kwali ta sha ruwa ranar farko, ta ƙi gero, a rana ta uku ta mutu.

A cikin makon Zakariyya'u ya tsallako gada daga Tudun Wada, ya zo ta'aziyya da barka a tafiya ɗaya. Ya tsufa, gemu ya yi fari, amma bakin yana nan. Suka zauna a gindin mangwaro suna kallon ramin da aka fara shafewa da sabon siminti, Shekari ya ba shi labari duka.

"Goma sha ɗaya," in ji Zakariyya'u. "Har ƙirgawa ka yi."

"Na ƙirga."

"Mutumina, ka tuna famfon nan na bayan sashenmu? Mai jan kambu?"

Shekari ya tuna. Duk ƙarshen aiki sai ɗayansu ya je ya murɗa shi, ruwan rinin da aka gama da shi ya fita ta babbar kwata, yau shuɗi, gobe ja, yana tururi, ya gangara ta bayan gidajen mutane ya nufi kogi.

"Ni da kai mun murɗa shi ya fi sau dubu," Zakariyya'u ya ce. "Kai kana gwada ruwan da zai shiga yadi kamar za a ba sarki ya sha. Wanda zai fita kuwa, ka taɓa tsoma masa 'yar takardarka?"

"Ba a ce in gwada ba."

"Ba a ce ba. Ni ma ban taɓa tambayar wa ke sha a ƙasa ba. Shanu, tsuntsaye, masu lambun bakin kogi. Mu dai a tashi aiki mu je mu ci wake." Ya yi 'yar dariya, ba irin wadda ya saba ba. "Ita Maman Hadassah ko ba komai tana da dalili, jika take karewa. Mu fa?"

Shekari ya juya ya dubi ramin. Ya daɗe yana jin cewa shi mutum ne mai tsabtar ruwa, da wannan ma ya tsaya a garejin Godwin yana ɗaga murya. Yanzu ya zauna yana lissafin shekarun, ya ga babu wanda ya taɓa zuwa ya juye masa leda a gaba, don kawai abin da ya mutu a ƙasan kwatar ba na kowa ba ne. Bai ga abin da zai iya gyarawa a ciki ba. Masaƙar ma ciyawa ta cinye ta. Amma daga ranar bai sake yi wa Celina maganar man ba, ko da wasa.

Kafin ya tafi Zakariyya'u ya kawo shawara. Ya ce a masallacin unguwarsu akwai tankin da sauro ya dame su, wani ya zuba 'yan ƙananan kifi, tsutsar ta ƙare. Shekari ya ƙara wa tsakiyar tafkin zurfi kafin a gama shafen. Ranar wata Asabar ya hau keke zuwa wani rafi ta wajen Rido, ya samo 'ya'yan karfasa goma sha biyar a wajen masu kamun kifi, ya kawo su a jarka da ruwan rafinsu. Saboda kifin, ya daina zubar da ruwan gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku yake ragewa duk kwana biyu ya cika da na rijiya. A ranar farko ya kira Celina da Hadassah, ya sa kowacce ta danna murfin ta murɗa da hannunta har sau biyu. Ya kira Godwin ma ya nuna masa.

Tsuntsayen ba su yi wata-wata ba, a ranar da aka ɗauke kwanon suka sauka. Marai dai sun ragu, sai da damina ta wuce yawansu ya dawo. Celina kuma takan fito kowace safiya da kofin gilashi, ta ɗebi ruwan ta ɗaga shi sama ta duba. Wata biyu tana haka ba ta ga abin da take nema ba. A hankali ta fara kawo wa kifin dusa, ta fara cewa "kifina". Hadassah ta koma gidan mijinta da Miriam lafiya lau.

Bara da rani wani baƙo ya zo wanda ba a gayyata ba. Celina ce ta fara ganinsa da safe: zalɓe, dogo, toka-toka, tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiyar tafkin kamar gidansu. Tana kallo ya soka baki ya ɗago karfasa ya haɗiye. Ta cire silifa ta wurga masa, ya buɗe fukafukai a hankali ya haye katanga ya zauna yana kallonta.

"Baban Hadassah! Fito ka ga ɓarawo!"

Shekari ya fito yana ɗingishi, ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa zaton irin wannan tsuntsu zai baro kogi ya zo bayan gidansa ba.

"Ka tsaya kana kallonsa? Uku ya ci a gabana!"

"Maman Hadassah, ai don tsuntsaye aka yi wurin."

"Don su sha aka yi, ba don su ci mini kifi ba."

Suka yi kwana biyu suna wannan gardama. Ita ta ce a shimfiɗa raga a sama, shi ya ce raga za ta kama ƙafar ƙananan. A ƙarshe ya samo tsofaffin tukwanen ƙasa biyu, ya huda su a gefe, ya kifa a wuri mai zurfi don kifin su samu maɓoya. Zalɓen bai daina zuwa ba, amma abin da yake samu ya ragu, kifin ma sun koyi gudu da sun ga inuwarsa. Duk da haka, duk bayan wata uku ko huɗu sai Shekari ya ɗauki jarka ya nufi Rido, Celina kuma ta raka shi har bakin get tana cewa wannan karon ya zaɓo masu wayo.